Matacciyar Fijon da ta mayar da ni bakin aiki

Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Kaduna, na ba shekara 50 baya. Ba zan ambaci sunan kowa ba a labarin nan, saboda akwai wanda ke cikinsa da har gobe yana ɗauke da nasa nauyin, ba zan ƙara masa wani ba.

A Tudun Wada na tashi. Mahaifinmu direba ne, Fijo 504 doguwa yake ja daga tashar Kawo zuwa Kano, ya juyo da yamma idan an samu fasinja. Wanda bai riski zamanin ba zai yi wuya ya gane matsayin motar nan a Arewa. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri a 1975, sannan gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage fankama su koma shiga Fijo, sai ya zama kwamishina da alƙali da direban tasha duk mota ɗaya suke ja, bambancin kawai wanki da fenti. Shi ya sa da na gama firamare Baba bai yi dogon tunani ba. Ya kama hannuna ya kai ni garejin wani amininsa, ya ce, "Ga shi nan, ka koya masa Fijo. Wanda ya san Fijo ba zai kwana da yunwa ba a ƙasar nan."

Na daɗe ina wankin notina a cikin kananzir kafin a bar ni in taɓa injin. Ogana yakan ɗora doguwar sukundireba a jikin injin yana aiki, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya gaya maka ko metal ne ke ƙwanƙwasa ko tafet ne ke neman saiti. Da kunne na koyi sana'ar. Aka yaye ni, na buɗe nawa wurin, na yi aure, na sayi fili na gina ɗaki biyu, duk da kuɗin Fijo.

Maganar Baba ta yi aiki har zuwa lokacin da motocin tokumbo suka cika gari. A Faransa an daina ƙera 504 tun 1983, mu nan Kaduna aka ci gaba har wajejen 2006, amma tun kafin nan kasuwarmu ta fara ja da baya. Golf da Toyota da Honda suka karɓe titi, daga baya aka zo da masu kwamfuta waɗanda sai an jona musu na'ura ta karanto abin da ke damunsu. Wanda ya riƙe garejin a wannan lokaci shi ne ɗana na fari. Tun yana ƙarami yake bi na, ya taso ya koyi na'urar nan shi kaɗai ta waya, shi ya karanta matsala ni in kwance in ɗaura. Irin tarbiyyarmu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yaba masa a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Idan wani ya ce, "Oga, yaronka fa ya fi ka hannu," sai in ce, "Da sauransa." Na san gaskiya suke faɗa, a raina ina jin daɗi, amma bakina bai taɓa furta masa ba.

'Yan watanni kafin kullen korona wani abokinsu ya yi aure. Kowa ya san yadda samari ke yi ranar kai amarya: a jera motoci, a danna oda, wasu su fito ta taga su zauna a kan ƙofa, in an zo shataletale a ja birkin hannu mota ta juya tana hayaƙi, 'yan mata na ihu. Shi ba shi ke tuƙi ba. Yana zaune a bakin taga, rabin jikinsa a waje. Tayar baya ta daki gefen kwalbati, motar ta kife ta ɓangarensa. Bayan sallar isha aka kira ni a waya aka ce in zo asibiti, ya ɗan ji ciwo. Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan kiran ya san me "ɗan ciwo" ke nufi. Kafin in isa an riga an lulluɓe shi.

Wanda ke tuƙin amininsa ne, ɗan maƙwabcinmu, tare suka yi makarantar allo. Shi ya karye a ƙafa. Yayana ya dage sai an je kotu, wasu dangi suka kawo maganar diyya. Ranar addu'a mahaifin yaron ya zo ya durƙusa a gabana, dattijo mai furfura, ya kasa magana. Na ce na yafe, duniya da lahira. Yaya ya yi fushi da ni har ya daina shigowa gidana na wani lokaci. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, bakina ne ya yafe a ranar, zuciyata ba ta bi shi ba. In na hango yaron da sandarsa a bakin layi sai in juya in bi ta wata hanya.

Da aka watse daga zaman makoki na koma gareji, na tarar da akwatin sifanoninsa a inda ya bar shi, da rigar aikinsa a rataye a ƙusa. Na zauna a benci har azahar ban taɓa komai ba. Washegari ma haka. Da aka kulle gari a watan Maris na 2020 sai na samu hujjar zama a gida, da aka buɗe kuma ban koma ba. Yaran garejin suka watse ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jira. Na sayar da jak babba, na sayar da injin walda, bashi ya taru wajen mai shago. Barci ya ƙaurace mini. Da daddare in kwanta in ji ƙarar taya a kunnena, alhali ban ma je wurin da abin ya faru ba. Uwargida tana da 'yan'uwanta mata da ke zuwa su yi kuka tare su share hawaye. Ni namiji ne, abin da ake ce mini kullum shi ne, "Sai haƙuri, Malam." Sai in ce, "Haƙuri ya zama dole." Shi ke nan an gama da ni.

Mutum biyu ne suka fara taɓa inda ke mini ciwo. Na farko limamin masallacinmu. Ya tsayar da ni bayan asuba ya ce ya lura na rame. Na ce ina tsoron kada baƙin cikin nan ya zama rashin tawakkali. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, to ni wane ne da zan fi shi dauriya? Ya kuma ce in je asibiti, addu'a ba ta hana magani. Na biyun likitan da na gani. Ya auna ni ya ce jinina ya hau sosai, ya yi ta yi mini tambayoyi a kan barci da abinci, ya ce akwai ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo. Ya rubuta magani, ya tambayi sana'ata, ya ce ko ba don kuɗi ba in nemi abin da hannuna zai riƙa yi. Na sha maganin, shawarar kuwa na ajiye ta gefe.

Ana nan sai matar wani tsohon mai kawo mini gyara ta aiko a kira ni. Mijin ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ya rasu da daɗewa, Fijonsa ƙarama na bayan gida a ƙarƙashin mangwaro, an ɗora ta a kan bulo. 'Yan gwangwan sun zo sun yi mata kuɗi da nauyin ƙarfe. Hajiya ta ce, "Malam, kai ka san motar nan tun tana sabuwa, duba mini kada su cuce ni." Na ɗaga bonet. Ɓeraye sun cinye wayoyi, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, na ɗaga robar ƙasa na hango ƙasa ta cikin ramin tsatsa. Na sa hannu a fanka na gwada juya injin, ko motsi. Amma a jikin murfin injin na ga wata alama da na yi da fenti da hannuna shekarun baya, ranar da na yi masa saiti. Ban san lokacin da na ce, "Hajiya, ki sayar mini, zan ɗora a kan abin da suka ba ki, amma kaɗan-kaɗan zan biya." Ta ce, "Me za ka yi da ita?" Na ce ban sani ba. Da igiya muka jawo ta a bayan akori-kura, yara na bin mu suna dariya.

Ba ni da kuɗin sayen komai, don haka na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na kwance fulogai, na zuba gas da baƙin mai a ramukan, na bar shi ya jiƙa. Kullum da safe in zo in sa sifana a kan noti in ɗan girgiza, in ƙara mai, in tafi. Injin da ya daskare ba a yi masa ƙarfi, in ka matsa sai ring ya karye ko sanda ta lanƙwashe. Wannan ɗan aikin ne ya fara fitar da ni daga gida. Ranar da ya saki ya juya, na juya baya don in gaya wa wani, sai na tuna ba kowa a wurin.

Ba a jima ba sai ga ɗan maƙwabcin nan da ya tuƙa motar ranar bikin. Ina ƙarƙashin motar na hango sandar da ƙafa ɗaya da ta fi ɗaya gajarta. Ya yi sallama, na amsa ban fito ba. Ya daɗe a tsaye, can ya ce, "Baba, ko akwai abin da zan kama maka?" Abin da ya zo bakina ba mai daɗi ba ne, Allah ya taimake ni na haɗiye. Na turo masa takardar goge tsatsa da ƙafa, na ce ya fara da ƙofar baya. Haka muka yi watanni, shi yana guga ina kwance-kwance, maganarmu ba ta wuce "miƙo sha uku" da "ga ta". Da uwargida ta ji labari ta ce, "Malam, duk garin nan ka rasa mai taya ka sai shi?" Ban da amsar da zan ba ta. Abin da na sani kawai, duk unguwar nan mu biyu ne ba ma barci saboda abu ɗaya.

Aikin injin ya ɗauke mu lokaci mai tsawo, kuma a nan na fara yi masa magana, don dole sai na yi bayani. Injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata gefe guda, kuma bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, wato silif, zare su ake yi a sa wasu, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye. Wannan ne ya sa injin ba ya mutuwa gaba ɗaya, kullum ana iya sabunta shi. Amma yana da sharaɗi: in ka cire tof, wato kan injin, kada ka kuskura ka juya karanshaf sai ka danne silif ɗin da ƙarfe da noti, in ba haka ba su ɗaga, abin da ke toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Na nuna masa yadda ake dannewa, ya ce ai marigayi ya taɓa nuna masa. Ranar ce karon farko da aka ambace shi a tsakaninmu. Na ce, "Ya iya aiki." Yaron ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗaure noti.

Kayan gyara kuwa sai da muka zama 'yan gida a Panteka. Na gano ya fi sauƙi ka sayi wani mataccen injin ɗungurungum ka tsinci na kirki a ciki, da ka sayi sababbin kaya a kwali waɗanda ba ka san inda aka buga su ba. Abin da muka rasa a Kaduna muka aika Kofar Ruwa a Kano. Kafireta na wanke ta da kaina, na sa sabon kwantak, wani mai wayarin da muka taso tare ya ja sababbin wayoyi ya ce in biya shi in Allah ya hore. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya sa sabon faranti. Sannu a hankali masu tsofaffin motoci suka ji na dawo, aka fara kawo ɗan gyara, abin da na samu in raba uku: gida, bashin Hajiya, Fijo.

Har zuwa nan ba maganar tsere a raina. Shi ya kawo ta. Wata rana muna cin abinci ya nuna mini bidiyo a waya: wasu matasa da 'yan dattawa na haɗuwa a wani fili a bayan gari, da izinin mai filin, sun jera tsofaffin tayoyi da durom sun yi hanya mai lanƙwasa, mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, ana duba mintinta da agogo, 'yan kallo na can nesa bayan igiya. Ya ce, "Baba, motar nan za ta iya." Jikina ya ɗauki rawa. Na ce, "Kai, ashe ba ka da kunya? Wasan mota bai ishe ka ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, da a irin wurin nan muka yi, da bel da hular kwano, da yanzu yana nan." Na ce ya tashi ya bar mini gareji.

Na kwana ina juya maganar. Na tuna yadda ni kaina ina saurayi nake jin daɗi in Oga ya ce in fita gwajin mota, in hau titin Zariya in taka. Na yi wa yarona faɗa a kan gudu, na yi wa abokansa, limamai sun yi huɗuba, hukuma ta kama wasu, ba abin da ya hana a yi a bikin da ya biyo bayan nasa. Samari ba za su daina son mota ba. Abin da za a iya canzawa shi ne inda suke yi da abin da ke kewaye da jikinsu in ta kife. Na kuma tuna Baba yana taƙama a tasha cewa irin motar da yake ja ta ci tsere a Kenya. Gaskiya ya faɗa: 504 ce ta lashe gasar Safari a 1975 a hannun Ove Andersson, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da mai ƙofa biyu. Kan jar ƙasa da ramuka da taɓo suka yi, irin hanyoyinmu.

Na aika aka kira mini yaron. Da ya zo ya ƙara nuna mini wani abu da ya daidaita mini tunani. A Amurka akwai gasar masu ƙaramin ƙarfi da ake kira 24 Hours of Lemons, tun 2006 ake yin ta. Dokarsu ita ce kuɗin motar kada ya wuce dala 500, amma birki da taya da kayan kare rai ba sa cikin lissafin, kashe ko nawa kake so. Na ce to wannan dokar da hankali aka yi ta, ita za mu bi. Na gindaya masa sharaɗi: ba za mu ƙara wa injin ƙarfi ko na doki ɗaya ba sai mun gama da abin da zai tsayar da motar da abin da zai riƙe mutum a cikinta.

Muka fara da birki. Duk tiyon roba na cire na zubar, ko da ya yi kyau a ido, don robar da ta shekara a rana daga ciki take ruɓewa. Sabon masta, sabon man birki, muka fitar da iska har feda ta yi tauri. Sannan muka kwashe duk abin da ke cikin motar: kujerun baya, kafet, rufin sama, rediyo. A nan ma kuɗi ya fito, don akwai masu gyara Fijo don ado da ke neman irin waɗannan kaya ido rufe. Bamba mai ƙyalli da fitilun asali da rediyon su suka saya mana kujera da bel mai rataye kafaɗu biyu. Wani dattijo da ya zo sayen bamban ya leƙa ciki ya ga ƙarfe tsirara, ya ce, "Malam, ka yi wa motar nan wulaƙanci, irinta ba a sake yi." Ban yi musu da shi ba. Da lafiyayya ce mai fentin asali, wallahi ba zan taɓa ta ba. Wannan kuwa daga bakin sikelin 'yan gwangwan na ƙwato ta.

Kejin ƙarfe, wato bututun da ake kewaye cikin mota da shi don ya kare mutum in ta kife, shi ya fi ba mu wahala, kuma a kansa na fi so masu sha'awar abin nan su saurare ni. Mai waldar da na fara kai wa ya ce a yi da bututun ruwa, ya fi araha, in an yi fenti ba mai ganewa. Na ɗauko guntun bututun na ɗora a kan dutse na sa babbar guduma. Bugu kaɗan ya tsage tiryan-tiryan ta inda aka ɗinke shi, bakin tsagar ya yi kaifi kamar wuƙar mahauci. Na ce masa, "Wannan kake so ya tsaya kusa da wuyan ɗan mutane?" Bututun da ake keji da shi marar ɗinki ne, mai kauri, sai da muka yi ta yawo wajen masu kayan tsofaffin masana'antu kafin muka haɗa abin da zai isa. Ba a kuma dasa ƙafar keji a kan farantin mota haka kawai, in ta kife sai ƙafar ta huda ƙasan ta wuce. Sai an shimfiɗa ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa an yi masa walda ta ko'ina. Na sa yaron ya zauna da hular kwano a kansa muka auna, don kada kai ya taɓa bututun sama, muka naɗe na kusa da kai da soso mai tauri. Muka ɗaure batir da ƙarfe, muka sa makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya inda hannu zai kai, da tukunyar kashe gobara a gefen giya. A ƙarƙashin injin muka sa faranti don kada dutse ya fasa kaskon mai.

Muna cikin wannan aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta haura naira 500, komai ya tashi. Aikin ya tsaya cik na wani lokaci, don ba zan sayi taya yara na jiran kuɗin makaranta ba. Tayoyin ma na hannu muka saya daga ƙarshe, muna duba shekarar da aka buga a gefensu. Rim kuma wata fitina ce, ramukan notin Fijo huɗu ne amma tazararsu ta fi ta sauran motoci faɗi, na Golf ko Toyota ba ya shiga, sai dai na 'yar'uwarta 505.

Ranar da muka fara kai ta filin, samari masu tsofaffin BMW da Marsandi suka kewaye mu suna dariya, wani ya ce, "Baba, tashar Kawo ba nan ba ce." Ni na fara shiga. Da aka ɗaure ni a kujera aka sa mini hular, na ji numfashina a kunnena, hannuna na zufa a kan sitiyari. Na yi bismillah. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da abin faɗa, injin da bai kai doki 100 ba me zai yi? Amma da na zo inda ruwa ya zaizaye ƙasa, inda masu gajerun motoci ke taka birki suna lallaɓawa, sai Fijo ta bi ta kai tana lilo ba ta ko damu ba. Na fito a tsakiyar jeri, ban ci ba, ban zo na ƙarshe ba. Shi ma ya shiga, da ƙafar tasa da ke wahala da kuloci, ya tafi a hankali fiye da ni. Tun daren bikin bai sake riƙe sitiyari ba sai ranar.

Can da yamma wani yaro ya shiga kwana da gudu, motarsa ta hau tudu ta kwanta a gefe, ta ƙarasa kifewa a hankali. Kafin ƙurar ta lafa na isa wurin, ban san ina da sauran gudu haka ba. Na tarar da shi a rataye a cikin bel, kai ƙasa, yana ce mana mu kashe injin. Muka zaro shi, ya cire hula yana dariya, ko ƙwarzane babu. Abokansa suka yi ta tafi. Ni na zaga bayan akori-kurar da ta jawo mu, na zauna a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Yaron nan ya zo da sandarsa ya zauna nesa kaɗan, bai ce komai ba, sai da na gama ya miƙo mini ruwa.

Yanzu ni ke duba motoci kafin su shiga filin. Ina taka birki, in girgiza batir, in ja bel, in ƙwanƙwasa keji. Na taɓa mayar da ɗan wani babban mutum da ya zo da mota mai tsada ya ce hula na ɓata masa hoto. Ya yi ta waya, na ce ko wa zai kira, ba hula ba shiga. Ba zan ce mun gyara gari ba. Har yanzu ina jin ƙarar taya daga titi ranar Asabar, kuma na san cikin masu zuwa filinmu akwai waɗanda ke yin duka biyun. Amma akwai waɗanda suka daina na titi, da bakinsu suka gaya mini, wasu kuma iyayensu ne suka kawo su garejina suka ce in sa musu keji tunda sun ƙi ji.

Garejin ya tashi, na gama biyan Hajiya da mai shago, na sake sayen injin walda. Maganin hawan jini har yau ina sha, akwai kuma dararen da barci ke gagara, sai dai sun ragu. Yaron nan shi ne babban yarona a wurin aiki yanzu, shi ke riƙe na'urar. Yaya ya sauko. Uwargida ba ta taɓa zuwa filin ba, ba ta kuma taɓa shiga motar ba, ban matsa mata ba. Tana aiko da abincin rana a kwano biyu, amma in yaron ya gaishe ta a ƙofar gida, "lafiya" kawai take cewa ta wuce.

Rigimar da ke gabanmu yanzu ta ƙanin marigayi ce. Ya tasa, ya fara zuwa gareji bayan makaranta, idonsa na kan Fijon. Na ce masa sai ya iya fitar da iskar birki shi kaɗai, ya kwance kafireta ya mayar, sannan a yi maganar tuƙi. Ya iya na farkon, yana kan na biyu. Mahaifiyarsa ta ce ko ya iya ƙera motar gaba ɗaya, ba zai shiga filin nan ba tana raye. Na ce mata a cikin keji ya fi aminci da bayan acaɓar da yake hawa kullum zuwa makaranta. Ta ce, "Malam, ni na haife su." Mukullin na wajenta, in za mu fita ranar wasa sai na je na karɓa.